Kwarin Kogin Fauda Na Amurka: Ƙasar Ciyawa Da Ta Karya Manyan Masu Shanu

'Yan uwa fatake da dillalai, a wannan fitowa za mu ɗan bar kara da hayaniyarta mu leƙa yammacin ƙasar Amurka. Da yawa daga cikinmu sun san wannan yanki ta finafinan kaboyi, inda ake ganin masu faffaɗar hula bisa dawaki suna kora garke cikin ƙura. To amma fim ba ya faɗin nawa aka sayo shanun, ko ciyawar wa suka ci, ko wa ya ci riba wa ya karye. Wannan lissafi shi za mu duba a cikin kwari guda, wato kwarin kogin Fauda, inda cikin shekara goma kacal aka zuba dukiya mai yawa a harkar shanu, aka kuma wayi gari ta narke. Duk wanda abincinsa ke rataye da kofaton saniya zai ga abin da ya sani a cikin labarin nan.

Ina Kwarin Yake?

Kogin da Turawa ke rubutawa Powder, mu kuma muke cewa Fauda, yana tasowa ne a jihar Wayomin, kusa da duwatsun Bighorn. Rassa uku ne ke haɗuwa a wajen wani ƙaramin gari mai suna Kaycee. Daga nan ruwan ya miƙe arewa ya shiga jihar Montana, ya je ya faɗa kogin Yellowstone kusa da garin Terry. Tsawonsa kimanin kilomita 600 ne, kusan nisan Yamai zuwa Maraɗi ke nan. Ma'anar sunan ita ce gari ko albarushi, saboda laushin yashin bakin kogin, wanda iska ke kwasa da zarar ya bushe.

Kogi ne mai faɗi marar zurfi, ruwansa kullum a gurɓace da laka. Mutanen wurin na yi masa ba'a cewa ya yi kauri a sha, ya kuma yi ruwa-ruwa a sa masa garma. A wasu mashigai yashinsa na haɗiye ƙafar dabba, shi ya sa masu kora garke suke tsoron ƙetare shi lokacin da ya kawo. Ƙasar da ke kewaye da shi shimfiɗaɗɗiya ce mai tuddai da kwazazzabai, tsawonta wajen kilomita 320 daga kudu zuwa arewa, faɗinta kuma wajen 190, tsakanin duwatsun Bighorn a yamma da tuddan Black Hills a gabas. Kololuwar Bighorn ta haura mita 4,000, kuma ƙanƙarar da ke narkewa daga can ita ce ke ciyar da koramun da ke gangarowa kwarin. Itatuwa ba su da yawa, sai a bakin ruwa, inda ake samun wata bishiya mai fitar da kaɗa kamar rimi.

Ruwa, Dari Da Ciyawa

Ruwan sama a kwarin nan, har da dusar ƙanƙara idan ta narke, yana tsakanin milimita 300 zuwa 400 a shekara. Kun ga ke nan bai wuce abin da ake samu a wajen Tawa ba. Ya fi sauka ne a watan Mayu da Yuni, kuma shi ke yanke hukuncin ciyawar shekarar baki ɗaya. In ya zo da kyau an tsira, in ya yi gardama to babu wata damina ta biyu da za a jira.

Inda suka bambanta da mu shi ne lokacin wahala. Mu rani da bazara ne ke ramar mana da dabba, su kuwa dari ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ciyawa ba ta girma, ma'aunin sanyi kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifiri, ruwan tabki ya daskare har sai an fasa da gatari kafin dabba ta sha.

To me ya jawo masu shanu wannan wuri? Ciyawarsa ce. Gajeriya ce, wani lokaci ko idon sawu ba ta rufewa, amma irin mai saiwa ce da ke daɗewa a ƙasa shekara da shekaru, kamar gamba. Rabin jikinta ko fiye yana ƙarƙashin ƙasa. Takan yi kore a Mayu da Yuni, ta bushe a tsaye cikin Agusta, kuma da yake iskar wurin busasshiya ce, ba ta ruɓewa, ƙarfinta na nan. Wato ingirici ne wanda ba a yanka ba. Tsakanin ciyawar akwai wani ɗan tsiro mai launin toka da ƙamshi, dangin tazargade ne, shanu ba su cika cinsa ba amma namun daji na dogara da shi lokacin dari. Akwai wata irin barewa mai tsananin gudu, da dila, da wani kurege mai haƙa ramuka gari guda.

Abu biyu ke taimakon dabba a lokacin sanyi. Na farko iska, wadda ke share dusar ƙanƙara daga kan tuddai ciyawa ta bayyana. Na biyu wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsu, ana ce mata cinuk, wadda kan narkar da ƙanƙara cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai fa ita wannan iska ba ta da alkawari. Wata shekara ta zo a kan kari, wata shekara ta makara.

Ga kuma babban lissafin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan: a irin wannan ƙasa, saniya guda da ɗan maraƙinta na bukatar fiye da hekta 10 kafin su ci shekara. Mudun kwarin ke nan. Kusan duk abin da ya faru daga baya ya faru ne saboda an ƙi auna wannan mudu.

Masu Ƙasa Na Farko

Kafin saniya ta taka wurin, ɓaunar Amurka ce ke cin ciyawar. Dabba ce mai tozo da gashi mai kauri, wadda ta san dari. In dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa sai ta sa katon kanta ta share ta ci. Ba ta zama wuri guda, takan ci ta wuce, ciyawa ta huta. A farkon ƙarni na 19 akwai ɓauna miliyoyi masu yawa a filayen Amurka, kuma 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Indiyawan Amurka, a kanta suka dogara: nama, fatar tanti, sutura, har igiya.

Ƙabilun da suka zauna kwarin Fauda su ne Crow, Lakota, Cheyenne da Arapaho. A yarjejeniyar da aka yi a sansanin Laramie cikin 1851, kogin Fauda ne aka sa ya zama iyaka tsakanin Crow a yamma da Lakota a gabas. Cikin 1863 Turawa suka buɗe wata hanya mai suna Bozeman, ta ratsa kwarin zuwa wuraren haƙar zinariya a Montana, sojoji kuma suka kafa sansanoni don tsaronta. Shugaban Lakota mai suna Red Cloud ya ƙi yarda. Ranar 21 ga Disamba 1866 mayaƙan ƙabilun suka yi wa wata runduna kwanton ɓauna kusa da sansanin Phil Kearny, suka kashe mutum 81. Cikin 1868 gwamnati ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya, ta rufe hanyar, ta kwashe sojojinta.

Alkawarin bai daɗe ba. An gano zinariya a Black Hills cikin 1874, yaƙi ya sake tashi a 1876, kuma duk da nasarar da ƙabilun suka samu a bakin kogin Little Bighorn cikin Yunin wannan shekara, kafin ƙarshen 1877 an tilasta musu komawa wuraren da aka keɓe musu. Sai maharba 'yan kasuwa suka auka wa ɓauna don fatarta, wadda ake yin bel na injuna da ita. Layin dogo ya iso garin Miles City a 1881, ya sauƙaƙa jigilar fatu, kuma zuwa 1883 babban garken arewa ya ƙare. A 1889 ɓaunar da aka iya ƙirgawa a nahiyar duka ba ta wuce kimanin 1,000 ba. Saboda haka idan aka ce Turawa sun tarar da ciyawa kyauta, a tuna cewa sai da aka kori masu ita tukun.

Shanu Sun Shigo

Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, jihar Teksas da ke can kudu ta cika da shanu masu dogon ƙaho, waɗanda za su tuna muku da rahaji. Sa ɗaya a can bai wuce dala 4 ba, alhali a biranen arewa yana kai dala 40. Ai kun san abin da falke zai yi in ya ji wannan. Sai aka shiga kora su da ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa, daga baya kuma har zuwa Wayomin da Montana. Garke ɗaya kan kai kai 2,500 zuwa 3,000, da makiyaya goma ko sha biyu bisa dawaki, ana cin kilomita 15 zuwa 25 a rana, tafiyar wata uku ko fiye. Dattawanmu da suka kora shanu da ƙafa zuwa kurmi kafin zuwan tirela sun san irin wannan aiki: a bi a hankali don kada dabba ta zube, a kwana ana gadi, a lissafa mashaya kafin a tashi.

Dabarar ita ce a sayo ɗan bijimi ramamme da araha, a sake shi a ciyawar arewa ya ci dari biyu, ya yi nama, sannan a loda shi a tarago zuwa babbar karar Shikago, wadda aka buɗe a 1865. Ƙasar ta gwamnati ce, babu shinge, babu kuɗin kiwo. Ba a yi wa shanun rumfa ba, ba a tara musu ciyawa ba. Ana sakin su ne kawai su nemi na kansu, a dawo a tattara su sau biyu a shekara.

Labarin wannan riba ya kai Ingila da Sikotilan, masu kuɗi suka yi ta kafa kamfanoni. Wanda ya fi suna a kwarin Fauda shi ne wani Bature ɗan Ingila, Moreton Frewen, wanda ya kafa gandun shanunsa a bakin kogin cikin 1879, ya gina katafaren gidan katako inda yake saukar da manyan baƙi daga Landan. Cikin 1882 aka mai da harkar kamfani a Landan da jarin fam 300,000. Matarsa ƙanwar uwa ko yayar uwa ce ga Winston Churchill, wato dai 'yar uwar mahaifiyarsa ce, don ku san irin mutanen da suka shigo wannan ciniki.

Sayen Shanu A Takarda

A nan ne ɓarakar farko ta soma. Da yake shanun na warwatse a fili mai faɗin gaske, ƙirga su kai da kai aiki ne ja. Sai aka ƙirƙiro sayar da garke bisa abin da littafin mai shi ya nuna. A duba adadin da ya sayo, a ƙara da 'yan maruƙan da aka yi wa lamba, a ɗan rage kaɗan wai na mutuwa, a ce ga jimilla. Wanda ya zo daga Landan da kuɗi sai ya biya bisa wannan adadi, bai ga rabin shanun da idonsa ba. Waɗanda kyarkeci ya ci, da waɗanda dari ya kashe, da waɗanda aka sace, duk suna nan da ransu a cikin littafi. Kamfanoni kuma, don su faranta wa masu hannun jari, sai su riƙa sayar da shanun da ba su isa sayarwa ba su raba kuɗin da sunan riba. Cin uwar kuɗi ke nan ana kiran sa riba.

Ɓaraka ta biyu ita ce cunkoso. Tun da ciyawar ba ta kowa ba ce, kowa na sauri ya zuba nasa kafin wani ya riga shi. Ciyawar da ɓauna kan ci ta wuce, yanzu ana cinta dare da rana ba hutu, musamman a kusa da ruwa. Wurin da ya kamata a bari don dari sai a cinye shi tun da damina.

Shi Frewen ya hango wannan cunkoso, ya nemi mafita ta kan iyaka. Tun 1879 Ingila ta kafa doka cewa duk shanun da suka zo daga Amurka a yanka su a bakin tashar jirgin ruwa, saboda tsoron ciwon huhu, alhali na Kanada ana barin su su shiga cikin ƙasa da rai. Cikin 1884 ya yi ta fafutuka a bar shanun Wayomin su bi ta Kanada su shiga Ingila a yi musu turka a can. Ba a yarda ba. Kun ga dai ba yau aka fara rufe wa falke iyaka da sunan cutar dabbobi ba. A 1885 masu kamfanin suka raba shi da shugabanci, a 1886 kuma aka kora wani ɓangare na garken zuwa Kanada neman ciyawa.

Darin 1886 Zuwa 1887

Damunar 1886 ta yi gardama. Zafi ya tsananta, koramu suka ƙafe, ciyawa ba ta tashi ba, gobarar daji ta cinye wani sashe na abin da ya rage. A daidai lokacin kuma farashi ya faɗi warwas a Shikago, domin kowa na turo shanu. Masu garke da yawa suka ce ba za su sayar da asara ba, gara su riƙe zuwa baɗi. Har ma aka ci gaba da shigo da sababbi daga kudu, waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan sanyi ba. Haka shanu suka shiga dari a rame, ƙasa kuma fako.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka tun Nuwamba. Sai aka ɗan sami ɗumi ta narke sama-sama, sanyi ya dawo ta daskare ta zama kamar gilashi bisa ciyawa. Saniya ba ta iya fasa wannan ɓawo, in ta gwada sai hanci da ƙafafu su tsage. Cikin Janairun 1887 guguwar ƙanƙara ta taso kwana da kwanaki, sanyi ya kai digiri 40 ƙarƙashin sifiri. Halin saniya kuwa shi ne ta juya wa iska baya ta yi ta tafiya, har sai ta ci karo da shinge ko ta faɗa kwazazzabo. A nan suka riƙa taruwa suna mutuwa a tsaye. Wasu suka shiga cikin garuruwa suna gaigayar ɓawon itace. Iskar cinuk ba ta iso ba sai farkon Maris.

Da ƙanƙara ta narke, koguna suka riƙa gangarowa da mushe. Wasu garake sun rasa rabi, wasu fiye da haka nesa, musamman baƙin shanun da aka shigo da su a makare. Da aka zo tattarawa sai gaskiyar littafi ta fito, domin an tarar ba dari kaɗai ya ci shanun ba, wasunsu tun asali babu su. Masu bin bashi suka matsa, aka tura ragowar ramammun shanu kasuwa, farashi ya ƙara faɗuwa. Kamfanonin ƙetare da dama suka rushe, har da na kwarin Fauda. Waɗanda suka tsira da sauƙi su ne masu ƙananan garake da suka yanki ciyawa suka tara, suka kuma san inda kowace saniyarsu take.

Ƙungiyar Da Ta Ɗauki Bindiga

Masu shanun Wayomin suna da ƙungiya tun farkon shekarun 1870, wadda a 1879 ta ɗauki sunan Ƙungiyar Masu Kiwon Dabbobi ta Wayomin. Ta yi ayyuka masu amfani: rajistar lambar da ake yi wa shanu da lalas, sa masu duba lamba a tashoshin jirgi da kasuwanni, da shirya gangamin tattara shanu. Amma manyan masu garke ne suka riƙe ta. Cikin 1884 suka sa aka yi doka wadda ta ba ƙungiyar ikon gangamin baki ɗaya, ta kuma ce duk maraƙin da aka samu ba lamba a yi gwanjonsa kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Makiyayin haya da ya kuskura ya mallaki 'yan shanunsa sai a sa sunansa a baƙin littafi, ba mai sake ɗaukarsa aiki. A kasuwa kuma ana iya riƙe kuɗin shanun duk wanda ƙungiya ke zargi.

Satar shanu kam akwai ta, ba a musu. Amma bayan asarar 1887 manya suka riƙa kiran kusan duk ƙaramin mai kiwo ɓarawo, musamman a gundumar Johnson da ke saman kwarin Fauda, inda kotuna ba su cika hukunta waɗanda aka kai ƙara ba. Ƙananan suka kafa tasu ƙungiya, suka ce za su yi nasu gangamin a 1892.

Ranar 5 ga Afrilu 1892 wani jirgin ƙasa na musamman ya tashi daga birnin Cheyenne ɗauke da mutum wajen 50, manyan masu shanu da ma'aikatansu da 'yan bindigar haya daga Teksas, suna riƙe da jerin sunayen mutanen da za su kashe. Ranar 9 ga wata suka kewaye wani gidan katako a inda garin Kaycee yake yanzu, suka kashe Nick Ray da Nate Champion, bayan shi Champion ya tsare su kusan yini guda shi kaɗai. Wannan jinkiri ya ba mutanen garin Buffalo damar shiri. Ɗaruruwa suka fito da makamai suka yi wa maharan ƙawanya a wani gandu mai suna TA. Sai da shugaban ƙasa Benjamin Harrison ya ba da umarni sojoji suka zo ranar 13 ga wata suka kwashe su. An kai magana kotu, shaidu suka ɓace, kuɗin shari'a ya fi ƙarfin gundumar, a farkon 1893 aka kori ƙarar. Ba a hukunta kowa ba, amma sunan ƙungiyar ya ɓaci shekaru masu yawa.

Garma, Fari Da Wata Irin Ƙungiya

Bayan manyan kamfanoni sai manoma. Dokar 1862 ta ba duk mai son zama eka 160, wato hekta 65. A ƙasar damina wannan gona ce babba, amma a kwarin Fauda shanu biyar ko shida kawai za ta ɗauka. Tun 1878 wani masanin ƙasa, John Wesley Powell, ya gaya wa gwamnati cewa mai kiwo a busasshiyar ƙasa na bukatar eka 2,560, ba a saurare shi ba. An ƙara zuwa eka 320 a 1909, sannan 640 a 1916. Mutane suka yi tururuwa, suka sa garma suka juye ciyawar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana kafa saiwa, suka ja waya mai ƙaya. 'Yan shekarun ruwa suka ruɗe su. Da fari ya dawo, da yawa suka tattara suka bar gonakin.

A nan ne wasu masu kiwo na Montana, tsakanin koramar Mizpah da ke faɗawa kogin Fauda da koramar Pumpkin, suka gwada wata hanya. Ƙasar yankinsu a cakuɗe take: ta gwamnatin tarayya, ta jiha, ta kamfanin jirgin ƙasa, da ta mutane, kowa na sakin dabba yadda ya ga dama har ta zama fako. Suka kafa ƙungiya, majalisar ƙasa ta amince musu a 1928, aka haɗa fiye da eka 100,000 a ƙarƙashin tsari guda. Suka ƙayyade yawan dabbar da kowane ɗan ƙungiya zai saka da lokacin sakawa, suka fitar da dawakin da ba su da mai su, suka gina madatsun ruwa a wurare daban-daban don kada shanu su taru a mashaya ɗaya. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta farfaɗo.

Farin 1934 ya zo da tsanani har gwamnatin Amurka ta sayi shanu fiye da miliyan 8 daga hannun masu su, waɗanda ba za su ciwu ba aka harbe aka binne. A wannan shekara aka kafa dokar kiwo mai suna Taylor, wadda ta yi koyi da tsarin Mizpah da Pumpkin, ta kawo ƙarshen kiwon kowa-ya-samu a filayen gwamnati. Gonakin da aka gudu aka bari kuma gwamnati ta saye wasunsu ta mai da su makiyaya, irin su Thunder Basin.

Yadda Ake Yi A Yau

Mai kiwo a filin gwamnatin tarayya yana da takardar izini da ta faɗi shanu nawa, wata nawa. Ma'aunin shi ne abin da saniya da ɗanta ke ci a wata guda, kuma a 2024 kuɗinsa dala 1.35 ne. Ƙa'idar da malaman kiwo ke koyarwa ita ce a ci rabin ciyawa a bar rabi, don saiwa ta samu abin rayuwa. Masu lura kuma kan sa wa kansu rana a cikin Mayu ko Yuni: in ruwa bai kai kaza ba zuwa ranar, sai a fara rage garke tun dabba na da nama, tun kasuwa ba ta cika ba.

Masu dogon ƙaho sun ba da wuri ga wasu irin shanu, yawanci baƙaƙe marasa ƙaho da ake kira Angus. Ana haihuwa a Maris da Afrilu, a yi lamba a Mayu da Yuni, wasu su hau da garke duwatsun Bighorn da damina. A bakin koramu ana ban ruwa a yanki ciyawa a ɗaure don dari, ba wanda ke wasa da wannan tun 1887. Cikin Oktoba da Nuwamba a yaye maruƙa a sayar, ta gwanjo a garuruwa irin su Buffalo da Miles City ko ta hoton bidiyo, kuma bisa sikeli ake ciniki. Daga nan tirela ta kai su gidajen turka a jihohin Nebraska, Kolorado da Kansas. Kafin dabba ta canja hannu ko ta bar yankinta sai mai duba lamba ya gani ya ba da takarda. A ƙidayar 2020 mutanen Wayomin ba su kai 600,000 ba, shanunta kuwa sun haura miliyan 1.

Matsala ba ta ƙare ba. Ƙarƙashin ciyawar akwai kwal mai yawan gaske, kuma tun shekarun 1970 aka ƙara haƙarsa sosai, har yankin ya kai yana ba da wajen kashi 40 cikin 100 na kwal ɗin Amurka. Da yake dokar 1916 ta ba mutane saman ƙasa ne kawai ta riƙe wa gwamnati abin da ke ƙarƙashi, mai gandu kan wayi gari ya ga injin haƙa a makiyayarsa. Wannan ya sa masu kiwo suka kafa wata ƙungiyar kare ƙasa da ruwa a 1973. Akwai kuma wata baƙuwar ciyawa mai saurin bushewa da ke mamaye inda aka cinye ta asali, tana ƙara wa gobara ƙarfi. Cikin Agustan 2024 gobara ɗaya ta ƙone kimanin hekta 70,000 a gundumar Johnson.

To 'yan uwa, ƙasarsu daban tamu daban, ba kowane tsarinsu ne zai zauna a inda garke ke bin ruwa yana ƙetare iyakoki ba. Amma wanda ya ga 1973 da 1984 ya san yadda farashi ke zubewa ranar da kowa ya kawo ramammiyar saniya kara lokaci guda, ya kuma san cewa wanda ya sayar da wuri shi ya sami abin sake kafa garke. Kada a biya kuɗin dabbar da ido bai gani ba, komai kyan takarda. Kafin a ƙara kai a garke a tambayi labarin ciyawa da mashaya. Ƙungiya kuma, kun ga misali biyu a kwari ɗaya: ta 1892 wadda manya suka mai da sandar dukan ƙanana, da ta 1928 wadda ta sa wa babba da yaro ƙa'ida guda. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.